Fatar Jariri da Masu Maganinta: Tarihin Neman Gwani Daga Ɗakin Jego Zuwa Asibiti

Duk wanda ya taɓa zama a layin ganin likita a sashen yara na wani babban asibiti, a Kano ne ko Zariya ko Maraɗi, ya san irin matar da wannan maƙala ta shafa. Tana rungume da jariri ɗan wata uku ko huɗu, ƙuraje sun feso masa a wuya da kumatu da matsematsi, ga shi ba ya barci, ita ma ba ta yi. In aka tambaye ta, sai a tarar asibitin nan shi ne zango na huɗu ko na biyar a tafiyarta. Ta fara da uwar miji, ta je wurin ungozoma, an kawo mata jiƙo daga wurin mai magani, ta sayi man shafawa a kemis, sa'an nan da abin ya faskara ta zo. A nan ɗin ma ba lalle ne ta ga wanda fatar jarirai ita ce fanninsa ba. Manufarmu ita ce mu bi sawun dalilin wannan doguwar tafiya. Ra'ayinmu kuwa shi ne, ba a ƙarancin kuɗi ko nisan hanya kaɗai matsalar take ba. Tarihin likitanci ne kansa bai tanadar wa fatar jariri ƙofa tata ba sai a baya-bayan nan.

Ɗakin jego da sunayen cuta

A ƙasar Hausa gwanin farko na fatar jariri mace ce. Ungozoma ce ke yanke cibi, ita ce ke yi wa jariri wankan farko da soso da sabulun salo, tana dirzawa sosai, domin an yi imani cewa wanda ba a cuɗa da kyau ran da aka haife shi ba zai yi ta warin jiki har girmansa. Daga nan sai gashin cibi, da shafa man kaɗanya ko man shanu ko alayyadi, da ɗura dauri, har a yi arba'in. Wanzami yana da nasa rabon, amma aikinsa na aska ne da tsaga da cire beli, ba jinyar ƙuraje ba. Ilmin likitanci na yau ya yarda da wani sashe na wannan tsari, ya kuma ƙi wani. Ya yarda cewa maiƙo yana kare fatar da ta bushe, musamman da hunturu. Amma farin maiƙon nan da ake haihuwar jariri da shi, wanda ungozoma ke ɗauka dauɗa ce, kariya ce ga fata, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har awa 24.

Ya kamata a lura cewa abin da muke kira gargajiya ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. Ganyen darbejiya, wanda yau ake ganin kamar tun kaka da kakanni da shi ake wankan jego, baƙo ne daga Indiya, a zamanin Turawa aka kawo shi. Mata ne suka gwada shi, suka karɓe shi, suka ba shi gurbi kusa da tsamiya.

Inda gwanintar ɗakin jego ta fi bayyana shi ne wajen sunaye. Bahaushe ya bambanta ƙazwa da makero, ya bambanta ƙyasbi da kirci, ya san maruru da borin jini da amosanin kai da ƙarambau. Cututtukan da ya fi tsoro kuwa sai ya sakaya su: ƙyanda ta zama baƙon dauro, agana ta zama 'yan rani, wato an kira ta da lokacin zuwanta maimakon a ambaci sunanta. Sai dai da an zo kan jariri sabon haihuwa, wannan yalwar suna takan tsuke. Kusan duk abin da ya fito masa, ko dai a ce ƙurajen zafi ne, ko a ce ela ce, sunan da Yarabawa ma suke amfani da shi. A ƙarƙashin wannan suna guda kuwa akwai abubuwa da dama da ba su haɗa hanya ba: akwai ɓawon kai mai maiƙo wanda kan tafi da kansa cikin 'yan watanni, akwai kurjin da fitsari da ɗumin ƙunzugu ke jawowa, akwai kirci mai ƙaiƙayi da ke bin jinin gida, akwai kuma ƙazwa tsantsa. Suna ɗaya yakan jawo magani ɗaya, alhali cuta huɗu ce.

Malamai ba su bar fagen nan gaba ɗaya ba. A duniyar Musulmi, Abubakar al-Razi, wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya rubuta risalar da ta rarrabe agana da ƙyanda, kuma Ibn al-Jazzar na Ƙairawan ya wallafa Siyasat al-Sibyan wa Tadbiruhum a ƙarni na 10, littafi sukutum kan renon yara da cututtukansu, har da na fatar kai. A nan gida Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce kan magani, waɗanda suka shahara daga ciki sun shafi ciwon ido da basir da amfanin filasko. Amma renon jariri ya ci gaba da zama a hannun mata, a ka, ba a takarda ba. Ko da J. M. Dalziel, wanda shi kansa likita ne, ya tattara sunayen itatuwa na Hausa a 1916, itatuwan ya rubuta, ba idon tsohuwar da ke duba kurji ta ce wannan na saiwa kaza ne ba.

Ƙofofi biyu a Turai

Akwai zaton da ake yi cewa Turawa sun iso mana da cikakken ilmin fatar yara a jakarsu. Ba haka abin yake ba. Ilmin fata a matsayin fanni mai zaman kansa bai wuce ƙarni biyu da 'yan kai ba. Robert Willan na Landan ne ya tsara cututtukan fata bisa siffar abin da ido ke gani, ko tabo ne, ko ƙurji mai ruwa, ko mai mugunya, ko ɓawo, littafinsa ya kammala fita a 1808. A Faris kuma, asibitin Saint-Louis ya zama cibiyar wannan ilmi a hannun Alibert tun daga 1801.

A wannan asibiti ne wani abu ya faru wanda ya cancanci masu nazarin al'ada su tsaya a kansa. Tun 1687 wasu Italiyawa biyu, Bonomo da Cestoni, suka bayyana cewa wani ɗan ƙwaro ne ke haddasa ƙazwa, amma manyan likitoci suka yi ta musu, suna cewa gurɓatar jini ce. An shekara kusan 150 ana wannan gardama. Sai a 1834 wani ɗalibi mai suna Renucci, mutumin tsibirin Kosika, ya ɗauki allura a gaban malamansa ya zaƙulo ƙwaron daga ƙarshen 'yar hanyar da yake haƙawa a cikin fata. A ina ya koya? A wurin matan ƙauyen tsibirinsu, waɗanda suka daɗe suna cire wa 'ya'yansu shi da tsinin allura. Bayan shekara goma Ferdinand Hebra na Biyana ya tabbatar da zancen da gwaje-gwaje. Ashe a can ma ilmin yana hannun iyaye mata kafin ya shiga littafi.

Shekara guda bayan Alibert ya kama aiki, wato a 1802, aka buɗe asibitin yara na farko a wannan birni na Faris, Landan kuma ta buɗe nata a 1852. To a nan ne hanya ta rabu biyu. Likitan fata ya tafi da manya, aka kuma haɗa masa da cututtukan sanyi da tunjere, tun da a fata suke bayyana. Likitan yara ya tafi da gudawa da tari da zazzaɓi, masu kashewa nan take. Jariri mai ƙuraje ya tsaya tsakanin ƙofofin biyu, kowanne yana ganin na ɗan'uwansa ne. An sami ɗaiɗaikun da suka kula, kamar Ritter na birnin Firag wanda a 1878 ya siffanta cutar nan da ke saɓule fatar sabon haihuwa kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Amma ba a kafa ƙungiyar duniya ta likitocin fatar yara ba sai 1973 a Meziko, ta Amurka ta biyo baya a 1975, kuma sai a 2004 aka fara jarrabawar ba da shaidar ƙwarewa a wannan fanni a Amurka. Wato gwanin da matar nan take nema a Kano, a ƙasashen da suka ƙago shi ma bai fi shekara hamsin da 'yan kai da samun suna ba.

Akwai wani gibi kuma. A kan farar fata aka gina wannan ilmi, alamarsa ta farko kuwa ita ce ja. A jikin baƙin jariri kumburin da littafi ya ce ja ne yakan fito da duhu, ko toka-toka, ko ya bar fari-fari bayan ya warke, kirci kuma yakan zo da ƙananan gudaji maimakon shimfiɗaɗɗen tabo. G. H. V. Clarke, wanda ya yi aiki a Ikko, ya wallafa littafi kan cututtukan fatar mutanen Afirka a 1959, amma gyaran bai game ba, har ta kai a 2020 wani ɗalibin likitanci a Landan, Malone Mukwende, ya ga dole ya haɗa ɗan littafin hotuna don nuna yadda alamomin cuta suke a baƙar fata.

Zamanin yaƙi da annoba

Likitancin Turawa ya shigo wa fatar Bahaushe ta ƙofar kuturta da agana. A 1937 mishan ta SIM ta karɓi ragamar zangon kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Da aka gano a Uzuakoli, a ƙarshen shekarun 1940, cewa ana iya ba da ƙwayar dafson ta baki da araha, sai aka baza ƙananan wuraren shan magani a ƙauyukan Arewa cikin shekarun 1950. Wannan ya samar da ɗaruruwan ma'aikata masu kaifin ido a kan fata, amma tambaya ɗaya aka koya musu: wannan tabo kuturta ce ko ba ita ba ce? In ba ita ba ce, aikinsu ya ƙare. Ya kuma bar wani tabo a zukatan jama'a, domin an daɗe ana jin asibitin fata a matsayin sakayayyen suna na asibitin kutare, kuma ba kowace uwa ce za ta yarda a gan ta da goyo a ƙofarsa ba. A ƙasashen renon Faransa ma haka aka yi: cibiyar Marchoux ta Bamako, wadda aka buɗe a 1935, don kuturta aka gina ta, daga baya ne ta rikiɗe ta zama asibitin fata.

Yaƙin agana ya fi kowanne nasara. An fara shi a 1967 a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, aka haɗa shi da rigakafin ƙyanda, ana yi da bindigar allura mai aiki da ƙafa. A watan Mayu na 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a wannan yanki, a Nijeriya, a 1980 kuma aka bayyana cewa duniya ta rabu da ita. Waɗanda suka haura shekara hamsin suna ɗauke da shaidar lamba a damtsensu, 'ya'yansu kuwa ba su san zanzana ba sai a fuskar tsofaffi. Ba abin rainawa ba ne. Amma ayarin rigakafi zuwa yake yi ya wuce, ba ya zama ya saurari uwar da ɗanta ke susa.

Mutum biyu sun bi wata hanya dabam a wannan zamani. Cicely Williams, likitar yara a Ankara ta ƙasar Gana, ta siffanta wata cuta a 1933 mai sa kumburi da saɓulewar fata ga yaran da aka yaye. Manyan masana a Landan suka ce ai tsohuwar cuta ce da aka sani, ta ƙi yarda, a 1935 ta kira ta da sunan da mutanen Ga suke kiranta, kwashiyoko, wato ciwon yaron da aka yi wa ƙani. Sunan ya riga ya ƙunshi sanadin, fatar alama ce kawai ta yunwa, abin da muke sawa a ƙarƙashin tamowa. David Morley kuma, a Imesi-Ile ta ƙasar Yarabawa, daga ƙarshen shekarun 1950, ya kafa asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar inda ma'aikatan jinya ne ke ganin yawancin yara, ya kuma nuna yadda ƙyanda ke yi wa yaran Afirka mummunan kamu, fata ta yi duhu ta yi ta saɓa. Dukansu biyu sun fara ne da sauraren iyaye mata.

A Arewa, bayan buɗe makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967, an yi wani bincike da ya kamata a riƙa tunawa da shi. A 1973 H. C. Whittle da abokan aikinsa suka buga sakamakon nazarinsu a Zariya kan alaƙar ƙazwa da gyambon da ke biyo bayan susa da kuma ciwon ƙoda. Yaro ya sosa, ƙwayar cuta ta shiga, bayan 'yan makonni fuska ta kumbura, fitsari ya ragu ya yi duhu. Cutar da ake yi wa dariya, ana tsokanar almajirai da ita, ga ta tana taɓa ƙoda. Duk da haka sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazwa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Ga jariri kuwa ƙazwa tana da wayo: takan fito a tafin hannu da tafin ƙafa da kai, wuraren da ba ta cika taɓawa ga babba ba, don haka a sha ɗaukarta ela. Kuma ko an gane ta, in ba a yi wa duk mutanen ɗakin magani rana ɗaya ba, aka wanke shimfiɗa da zannuwan goyo, dawowa za ta yi.

Gwanin da ya cike gurbi

Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta Afirka ta Yamma ta kafu a 1976, ta Nijeriya a 1979, kuma a tsarinsu ilmin fata ya taso ne a matsayin reshe na likitancin manya. Rabuwar da aka yi a Faris ita muka gada. Ƙwararrun da aka samu kaɗan ne, suna manyan asibitocin koyarwa na birane, ganinsu kuma sai da takardar turawa daga wani likitan.

Gurbin da ya rage, mai kemis ne ya cike shi. A 1952 Sulzberger da Witten suka nuna a Amurka cewa man haidirokotizon yana kwantar da kumburin fata, abin da ya zama babbar rahama ga masu kirci. Daga baya aka ƙera 'yan'uwansa masu ƙarfi ninkin-ba-ninkin, aka kuma haɗa su da maganin ƙwayoyin cuta da na makero a bututu ɗaya. Irin wannan man mai haɗi uku shi ne ake saya ba takardar likita, a shafa wa jariri, wasu har su zuba cikin man kaɗanya don yaro ya yi haske. Yana aiki da sauri, shi ne ma haɗarinsa: ƙuraje su kwanta cikin kwana biyu, a daina su dawo da ƙarfi, a ƙara shafawa. Yana ɓoye makero da ƙazwa har likita ya kasa gane su, yana sirantar da fata, kuma yana ratsawa cikin jini. Jariri yana da faɗin fata mai yawa in aka gwada da nauyinsa, ƙunzugun roba kuma yana rufe wurin ya ƙara wa maganin shiga. Faransa ta koyi wannan darasi da tsada a 1972, sa'ad da hodar jarirai da aka yi kuskuren cika wa wani sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ta hallaka jarirai 36. Ba ma ɗora wa mai kemis laifin duka. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: shi ne kaɗai ke buɗe da dare, ba ya neman kati, kuma yana jin sunan cutar da uwa ta faɗa.

Mali ta gwada wata dabara a farkon shekarun 2000. Antoine Mahé da abokan aikinsa na Bamako suka ga cewa ba za a taɓa samun ƙwararru da za su isa kowane ƙauye ba, sai suka tara ma'aikatan ƙananan asibitoci wajen 400, suka ba su horon yini ɗaya tak kan 'yan cututtukan da suka fi yawa: gyambo mai mugunya, ƙazwa, makero, da yadda za a gane abin da ya fi ƙarfinsu a tura gaba. Rahoton da suka buga a 2005 ya nuna cewa marasa lafiyar da suka sami ganewa da magani daidai sun tashi daga kashi 42 cikin ɗari zuwa kashi 81, kuɗin magani kuma ya ragu. Cibiyar Moshi ta Tanzaniya, wadda aka buɗe a 1992, a kan irin wannan tunani take horar da mataimakan likitoci. A watan Mayu na 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri da ya amince cewa cututtukan fata matsala ce ta lafiyar jama'a da ta cancanci a ba ta fifiko.

A ganinmu a nan ne aikin ya iso ƙofar masu nazarin harshe. Ma'aikacin da aka horar da Turanci ko Faransanci, da Hausa uwa za ta yi masa bayani, kuma da Hausa zai gaya mata abin da bai kamata ta jira ba: jariri sabon haihuwa mai ƙuraje masu mugunya da yawa, ko mai zazzaɓi, ko wanda ya ƙi kama nono, ko wanda fatarsa ke saɓulewa, ko cibinsa ya yi ja yana wari, wannan na asibiti ne a ranar, ba na jiƙo ba ne, ba kuma na kemis ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunayen cututtuka masu yawa, amma fassara ce ta kalma da kalma, ba a zauna da likita da ungozoma a gaban jariri guda an tambayi kowannensu me yake gani ba. Abin da ake bukata shi ne a bi Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram da hotunan fatar jarirai baƙaƙe, a nuna wa ungozomomi da kakanni, a rubuta sunan da kowace ta ba kowane hoto, da abin da take yi masa, da ranar da take cewa a tafi asibiti. Da yawa daga cikin matan da suka ga agana da idonsu, suka kuma san bambancinta da ƙarambau tun ranar farko, sun haura shekara saba'in.